Wasiƙar gwajin bakin mahaifa: kada ku yi irin sakacina

Ƙannena da kuka sauka Ingila kwanan nan, ba zan ɓata bakina kan rigar sanyi da katin bas ba, sati biyu kun gane kansu. Rajista da likitan unguwa kyauta ce, ku yi ta tun ba ku gama kwance akwati ba.

Inda na ci tuntuɓe shi ne wasiƙar gayyatar gwajin bakin mahaifa don kauce wa sankara, wadda hukumar lafiya ta NHS ke aika wa mata daga shekara 25 zuwa 64. Da tawa ta iso na ce Allah ya sawwaƙe, ni matar aure me ya haɗa ni da wannan? Na cusa ta cikin takardun talla. Ana haka mai gidan haya ya tashe mu, muka koma wata unguwa, ban canza adireshi wurin likita ba. Sauran wasiƙun duk tsohon gida suka riƙa zuwa, mai gidan ko a jikinsa. Sai bayan shekara huɗu na je, aka tarar ƙwayoyin halittar wurin sun fara sauyawa. An cire su rana ɗaya, amma makonnin jiran sakamako ko tuwo ba ya wuce mini.

Nas ɗin ce ta zaunar da ni. Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar da ake kira HPV ke kawo ta, ta hanyar kwanciya, kuma takan yi shekaru a jiki shiru, don haka kada wata ta koma gida ta tsare maigida da tuhuma. Auren wuri, yawan haihuwa da shan taba suna ƙara haɗarin. Mai ɗauke da HIV kuwa nata ya ninka sau shida. Na ƙirga: aure a shekara 17, 'ya'ya biyar. Ashe ni ake nufi.

Kunya? Ki ce mace kike so ta duba ki, za a ba ki. Minti biyar ne.

Matanmu a nan akwai zumunci, wallahi, suna ko rasuwa kafin ki juya an cika falo. Amma abin da ke ƙona mini rai, 'yarki ta kawo takardar rigakafin HPV daga makaranta, sai ki ƙi sa hannu don wata ta turo murya a WhatsApp wai yana hana haihuwa. Ko Najeriya tun Oktoban 2023 ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Tawa takardar a ƙasan jakar 'yata Ummi na tsinto ta, duk miyar abincin rana ta ɓata, a haka na sa hannu.