Yadda za ka haɗa injin Curie da kyandir da maganaɗisu

Injin Curie ɗan lilo ne na ƙarfe da zafi da maganaɗisu ke sa shi kai da komo. Duk ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa yana da iyakar zafin da in ya kai ta, sai maganaɗisun ya sake shi. Masanin kimiyya Pierre Curie ne ya binciko hakan a 1895. Baƙin ƙarfe sai ya kai digiri 770 a ma'aunin Celsius, nikel kuwa wajen 358, wanda harshen kyandir ke kaiwa cikin sauƙi. Shi ya sa nikel nake sa ɗalibaina su nemo.

Ka je wajen masu haɗa batirin litiyam ka sayi siririn fallen nikel da suke liƙawa a kan batura. Amma ka lura, wani baƙin ƙarfe ne aka shafa wa nikel. Ɗora shi a kan injin wasa wuƙa. In ya yi ta feshin tartsatsi, jabu ne. Na gaske da ƙyar yake tartsatsi.

Yanki guntu kamar farcen yatsa, ka rataye shi da siririyar wayar jan ƙarfe ya zama lilo. Kafa maganaɗisu a gefe, yadda zai janyo shi amma kada su haɗu. Na tsohuwar sifika na fi so, domin ƙananan nan masu sheƙi na niyodimiyam suna fara rasa ƙarfi tun daga digiri 80. Sai ka kunna kyandir daidai ƙarƙashin inda nikel ɗin ya tsaya. Da ya ɗau zafi zai saki ya koma baya, ya huce, a sake fizgo shi cikin wuta. Haka zai yi ta kai da komo. In ya maƙale, matsar da maganaɗisun baya kaɗan.

Don ganin lantarki, manna ƙusa a jikin maganaɗisun tana fuskantar lilon, ka naɗa mata waya mai rufi sau ɗaruruwa, ka jona da mitar auna lantarki. Abin da zai fito ƙanƙane ne ƙwarai, ba zai kunna ƙwan fitila ba.

Tun 1889 Nikola Tesla ya yi rajistar inji irin wannan. Masu bincike yanzu suna gwada wani ƙarfe mai suna gadoliniyam, wanda iyakarsa wajen digiri 20 ce, don su ci moriyar ɗumin da masana'antu ke zubarwa. Ko shi ɗin sai da gefen zafi da gefen sanyi. Wanda duk ya tallata maka na'urar da ke ba da wuta daga zafin ɗaki kawai, ka ce ya nuna maka inda take hucewa kafin ka ba da kuɗinka.