Darasi na Bakwai: Zama da Makaho da Raba Nauyin Kula da Shi

Kafin iyali su saduda cewa ido ya tafi, wajibi ne su kai mutum gaban likitan ido. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa yanar ido ce kan gaba wajen makantar da manya, hawan jinin ido na bi mata. Ita yana ana cire ta da tiyata, gani ya dawo da izinin Allah. Shi kuwa hawan jinin ido, abin da ya ci ya ci, sai dai a tsare sauran da maganin ɗigawa kullum. A nan Legas akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja. Kada a yarda masu yawo da allura su tura yana cikin ido, domin sau da yawa ƙarshenta makanta ce.

Idan makantar ta tabbata, aiki na farko a cikin ɗaki yake. Yawancinmu a gidajen haya muke, ɗaki ɗaya ko biyu, ga risho a bakin ƙofa, ga bokitai a soro. Makaho da hannu da ƙafa yake haddace ɗakinsa, saboda haka buta da tabarmar salla da takalmi kowanne ya sami wurinsa na dindindin, kuma duk wanda ya gusar da abu ya faɗa. Ƙofa ta kasance a rufe ruf ko a buɗe gaba ɗaya, domin wadda aka bari rabi da rabi ita ce ke fasa goshi. A ɗaura zare a wuyan kwalbar maganin safe don ya bambanta da na dare. In an kawo abinci, a ce, “Baba, tuwo na gabanka, miya na hannun dama, ruwa na hagu,” sannan a bar shi ya ci da kansa. Wanda ya shigo ya yi sallama ya faɗi sunansa, in zai fita ma ya sanar, kada dattijo ya ci gaba da magana shi kaɗai.

A kan hanya, ba a jan makaho kuma ba a tura shi. Shi ne zai riƙe hannun jagora sama da gwiwar hannu, yana biye da shi da rabin taki, jagora na faɗa masa kafin a isa kwata ko matakala ko ƙofar motar haya ta danfo. Wanda ya san titunan Agege da Mile 12 ya san buɗaɗɗun magudanan ruwa da 'yan acaba sun fi komai haɗari.

Yanzu sai maganar da ta fi damuna, wato mai kula. A gidaje da yawa nauyin kan faɗa kan mutum ɗaya, ko matar gida, ko wata yarinya da aka cire daga makaranta aka mayar 'yar jagora. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba, domin an haɗa rashin idon uba da rashin ilimin 'ya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa su zauna su raba aiki a fili: wane zai kai shi masallacin Juma'a, wane zai raka shi asibiti, wanda ke nesa kuma ya ɗauki kuɗin magani. A ware wa matar gida ranar da za ta huta ko ta je kasuwancinta, kuma in ta ce ta gaji kada a ɗauka rashin haƙuri ne.

Abin da ya fi rage wannan nauyi shi ne makahon ya koyi dogaro da kansa. Cibiyar koyar da makafi sana'a da ke Oshodi tana koyar da manya tafiya da farar sanda da rubutun makafi da sana'o'in hannu, yara kuma akwai makarantar Pacelli a Surulere. Dokar masu buƙata ta musamman ta Jihar Legas ta 2011 ta hana nuna musu bambanci, ta kuma kafa LASODA, hukumar kula da al'amuransu. Wayoyin Android ma suna da manhajar TalkBack mai karanta abin da ke kan allo da murya.

Aikin gida: ka rubuta sunayen mutanen gidanku, ka sa aikin da kowa zai ɗauka a mako, ka zo da takardar aji na gaba mu karanta tare.