Yadda za ka sa zancen zuci ya riƙe maka linzami lokacin fushi

A Garwa ta ƙasar Kamaru zafin Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, kuma a irin wannan lokaci ƙaramar magana a kasuwa sai ta zama rigima. Kafin baki ya buɗe, zuciya ta riga ta raya maka: "Raini ne wannan, kada ka yarda." Wannan murya ba ta kashewa, sai dai a juya ta.

Tun 1934 masanin Rasha Lev Vygotsky ya bayyana cewa yaro kan yi wa kansa magana a fili yana wasa, daga baya maganar ta koma ciki ta zama abin da yake tsawata wa kansa da shi.

Da farko, faɗa wa kanka abin da kake ji: "Raina ya ɓaci." Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, amigdala, mai ta da jiki in ya hango barazana, sashen bayan goshi kuwa shi ke auna abin da zai biyo baya. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, suka ga ambaton sunan yanayin da aka gani a fuskar mutum cikin hoto, kamar fushi ko tsoro, yana rage zabura a amigdala.

Sai ka kira kanka da sunanka, kamar yayanka ne ke ja maka kunne: "Kai Sani, me kake nema a wurin nan, kuɗinka ko faɗa?" A ganina nan ne maganin ya fi ƙarfi. Ethan Kross na Jami'ar Mishigan ya nuna a 2014 cewa mai yin haka ya fi mai cewa "ni" samun natsuwa a gaban abin da ke ta da hankali. Dalili a fili yake: kowa gwani ne wajen ba wani haƙuri. Amma a zuci fa, kada 'yan kasuwa su ce ka taɓu.

Jiki ma a taimaka masa. Saki numfashi a hankali, ya fi shaƙarsa tsawo. In kana tsaye ka zauna, ka nemi tsari daga Shaiɗan, kamar yadda hadisi ya koyar.

Tun da safe ka tanadi kalamanka: "In mai babur ya ƙara mini sefa 100, zan ce masa Allah ya ba da kasuwa, in tare wani." Samari su suka fi bukatar wannan tanadi, domin sashen bayan goshi ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.