Kurakuran da makarantun gwamnati ke yi wajen zaɓen manhajar koyar da kwamfuta

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a koya wa yaro kayan wani kamfani maimakon a koya masa aikin. Sai darasi guda ya ƙare a kan inda maɓalli kaza yake a Microsoft Word, har a tambaye shi a jarrabawa, alhali kuwa da Office 2007 ya fito aka sauya fasalin maɓallan baki ɗaya, waɗanda suka haddace wuri kawai suka koma lalube. Gyaran shi ne malami ya ba ɗalibi aiki ɗaya, kamar tara makin 'yan aji, ya yi shi yau a Excel, gobe a LibreOffice Calc. Yaron da ya gane abin da ya sa ake fara lissafi da alamar daidai ba zai ruɗe a kowanne ba.

Masu goyon bayan buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke da damar amfani da ita da sauya ta, su ma suna da nasu tuntuɓen, wato ɗaukar rashin kuɗin lasisi a matsayin rashin ɗawainiya. Ana girka Linux, buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kan kwamfutoci talatin ranar Asabar, Litinin malamin da bai taɓa ganin sa ba ya shigo aji, firinta ta ƙi aiki, babu wanda za a kira, kafin ƙarshen zango an mayar da Windows. Jihar Kerala ta Indiya, wadda ake yawan kafa misali da ita, ba da girke manhaja kaɗai ta ci nasara ba. Shirinta na IT@School ya horar da malamai, ya kuma daidaita littattafan karatu da manhajar da ke ɗakin kwamfuta. Kuɗin da aka tsirar daga lasisi, can ya kamata ya tafi.

Amfani da kwafin sata kuwa bai cancanci dogon bayani ba: ya saɓa wa doka, yana shigo da miyagun manhajoji, kuma yaran suna kallo.

Akwai kuma gaggawar jingine tsofaffin na'urori. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na bukatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, wanda yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Kafin a tara su a sito, a gwada Linux marar nauyi irin su Lubuntu a kan guda biyu, a ga ko firinta da intanet za su yi aiki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne makarantar da ta koma buɗaɗɗiyar manhaja amma ba ta taɓa buɗe ta ba. Fa'idarta ga mai koyo ita ce damar karanta asalin rubutun manhajar da sauya shi. A ba ɗan firamare wasan da wani ya haɗa a Scratch, manhajar koya wa yara haɗa shiri, ya ƙara wa kyanwar da ke cikin wasan sauri, ɗan sakandare kuma a ba shi gajeren shiri mai kuskure ɗaya da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python, a bar shi ya nemo shi da kansa.