Yadda Za Ka Shuka Alayyafo a Tsohuwar Jarka a Legas

Ɗan'uwa, ko ɗaki ɗaya kake haya a Agege ko Idi-Araba, muddin akwai lungun da rana ke leƙawa da hantsi, za ka ci alayyafon hannunka.

Da farko nemi tsohuwar jarkar man gyaɗa, ka wanke ta tas, ka kwantar da ita, ka yanke gefen da ke sama. Sai ka gasa ƙusa ka huda ƙasanta wuri shida. Kada ka raina hujin nan. Ruwan Legas ba irin na Kano ba ne. A watan Yuni sai ya kwana yana zuba, in ba mafita saiwa ruɓewa take yi.

Cika jarkar da baƙar ƙasa gauraye da busasshen kashin kaji. Ɗanyen ƙona tsiro yake yi. Ƙasar bakin kwata kuwa, ka bar ta inda take.

Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe masu sheƙi, don haka cuɗa shi da ɗan yashi kafin ka barbaɗa, kada ya tsiro a cunkushe. Rufe shi da 'yar ƙasa kaɗan, kana yayyafa ruwa safe da yamma in ba a yi ruwan sama ba.

Cikin mako guda za ka ga kunnuwa biyu sirara sun ɓullo. Daga nan ka riƙa dubawa da asuba, lokacin da dodon koɗi ke barin sawunsa mai yauƙi a bakin jarka. Tsince shi, ka zagaye wurin da toka.

Bayan mako huɗu, yanka da wuƙa, ka bar kara tsawon yatsa domin ya sake toho.