Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Kiyaye Garkuwar Gabanta

Ba kowace ƙwayar bakteriya da ke cikin farjin mace ce ke jawo ciwo ba. Mafi yawansu, waɗanda likitoci ke kira Laktobasilus, masu gadi ne: suna rayuwa a kan wani nau'in sukari da bangon farji ke tarawa, su mayar da shi ruwa mai tsami, kuma tsamin nan ne ke hana miyagun ƙwayoyi samun gindin zama. Idan ciki ya shiga, sinadarin estirojin, wanda jikin mace ke samarwa, yakan ƙaru, sukarin ya yawaita, masu gadin su daɗa ƙarfi, sannan wata majina mai kauri ta toshe bakin mahaifa domin kare ɗan da ke ciki. Abin da ya rage gare ki shi ne kada ki rushe wannan shiri.

Ki yi tsarki da ruwa mai tsabta zalla, daga waje kawai, kina wankewa daga gaba zuwa baya. Abin da ya fi damuna shi ne matsi. Alimun, bagaruwa, miski da kanumfari, waɗanda sau da yawa uwa ko yaya ce ke kawo su ƙulle a leda da kyakkyawar niyya, suna iya kashe masu gadin, su busar da fatar ciki har ta tsattsage, don haka ki ajiye su gaba ɗaya, haka ma cusa sabulu. A zafin Zariya na watannin Maris da Afrilu, ki sa kamfai na auduga, ki sauya shi da zarar ya jiƙe da gumi.

Farin ruwa marar wari da ke ƙaruwa lokacin goyon ciki ba ciwo ba ne. Amma idan ya koma ruwan toka mai ƙarnin kifi, ko ya zo gudaji-gudaji kamar kindirmo tare da ƙaiƙayi, ko kina jin zafin fitsari, to kada ki tsaya a kemis ki ce a ba ki maganin sanyi, domin maganin da aka sha da ka yakan share ƙwayoyin kirki, wani ma ya cutar da jariri. Ki tafi inda kike awo, ko asibitin koyarwa na Shika ne, ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko ƙaramin asibitin unguwarku, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya komai ba tare da kunya ba, a ɗebi ruwan a gwada. Rikicewar waɗannan ƙwayoyi tana da alaƙa da haihuwar bakwaini, wato kafin cikar mako 37. Ki shanye maganin da aka rubuta miki ko da kin ji sauƙi, idan kuma gwaji ya nuna cutar da ake ɗauka ta saduwa ce, lallai ne maigida shi ma a yi masa magani.