Yadda ake kama ƙudan rairayi da takarda mai mai

A jihar Gadarif ta Sudan, ƙudan rairayi ne ke yaɗa cutar kala-azar, mai kawo zazzaɓi mai daɗewa da kumburin saifa. Bai wuce milimita 3 ba, kuma ya fi yawa daga Maris zuwa Yuni, inda baƙar ƙasa ta daddare a ƙarƙashin aduwa.

1. Ka samu farar takarda, ka rubuta wuri da kwanan wata da fensir, domin mai na ɓata tawada.

2. Ka shafe ta da man zurma gaba da baya. Kada ka cika, in ya yi yawa zuba yake yi.

3. Kafin magariba ka soke ta a tsinke, ka kafa dab da ƙasa, kusa da tsagar ƙasa ko ramin gara. Ƙudan ba ya tashi sama sosai, tsalle-tsalle yake yi. Daren da ake iska kuwa, ka haƙura, ba za ka samu abin kirki ba. Ka sa riga mai dogon hannu, don Allah, lokacin cizonsa ke nan.

4. Da asuba ka kwashe takardun.

5. Ka tsince ƙudajen da lallausan burushi, ka zuba a kwalbar sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 70, kowane wuri da kwalbarsa, ka kai ɗakin gwaji.